Tambaya da Amsa: Filin Masu Haɗa Ƴan Ƙananan Gine-gine

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon sun yi yawa wallahi, na zaɓo guda shida ne kawai, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri yana kan layi. Kuma dan Allah masu turo hoton abinda suka haɗa ku riƙa ajiye rula ko biro a gefe kafin ku ɗauka, in ba haka ba bana iya gane girman abin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai na fara haɗa ɗan samfurin gida da kwali wata uku kenan, amma duk wanda na gama sai inga kamar gidan aljanu, ƙofa tayi tsawo taga tayi ƙanƙanta, na rasa inda matsalar take. Ko hannuna ne bai iya ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa hannunka lafiyarsa ƙalau, da ido kake awo shine kawai ciwon. Na kalli hoton da ka turo, yankanka ma yafi nawa tsafta lokacin da na fara, amma ƙofarka da ace gidan gaske ne raƙumi zai shige ta ba tare da ya sunkuya ba. Abinda ka tsallake shine sikeli, wato ka yanke shawara tun farko sau nawa zaka rage komai, sannan ka tsaya a kan wannan lambar har ka gama, ba ruwanka da abinda idonka yake raya maka.

Ga gida ɗaya nafi son 1:50, ma'ana duk santimita 50 na gaske ya koma santimita 1 a kan teburinka. Ƙofar da take mita 2.1 a tsaye da faɗin santimita 90 zata koma santimita 4.2 da 1.8. Bango mai tsawon mita 3 ya koma santimita 6. Ɗaki mita 4 da mita 3.5 ya koma 8 da 7. Kaurin bango ma kar ka manta dashi, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, su ɗauko siririn kwali suyi bango sai gidan ya fito kamar akwatin takalmi, alhali a 1:50 kaurin bangon waje yana kaiwa wajen milimita 4 zuwa 5, kaga kenan ko ka samo allo mai kauri ko ka manna kwali biyu ko uku. In kuma unguwa guda kake so ka haɗa ko makaranta da filinta to ka koma 1:100 ko 1:200, a 1:100 lissafin ma ba wahala, mita ɗaya santimita ɗaya shikenan.

Dabarar da nake ba kowa, kafin ka yanka bango ko ɗaya fara yanka ɗan mutum. Mutum mai tsawon santimita 170 a 1:50 shine 3.4. Ka ajiye shi a gefe, duk abinda ka haɗa ka tsayar dashi kusa, in ƙasan taga ya wuce kansa ko teburi ya kai masa ƙirji ka san akwai gyara. Wajen yanka kuma rular ƙarfe zaka nema, ta roba reza tana cinye gefenta, kuma kar kace sai ka raba kwalin a ja ɗaya, ja uku ko huɗu a hankali yafi fitar da baki mai kyau. Reza in ta dakushe canza ta, dakusasshiya ce take zamewa ta yanki mutum saboda sai ka danna da ƙarfi.

TAMBAYA: Na sa sufa gulu a farin soson nan da ake kare talabijin dashi a cikin kwali sai naga yana narkewa, na fesa fenti kuma ya ƙara lalacewa. Me ya jawo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƴar'uwa sannu, kowa ya taɓa wannan ɓarnar. Wannan soson kusan duk iska ce a cikinsa, sinadarin da ke cikin fentin feshi da irin wannan gam ɗin yana cinye shi nan take. Ki koma farin gam na kafintoci, yana jinkirin bushewa amma baya cin soso, ki kafe da allura ko tsinken sakace kafin ya kama. Fenti kuma mai haɗin ruwa da burushi. In dole sai feshi, ki fara shafe soson da farin gam ɗin ki barshi ya bushe sarai ya zama riga. Sannan ki raba sufa gulu da robar da kike yin gilashin taga da ita, tururinsa yana bar mata farin hazo da baya gogewa.

TAMBAYA: Malam ɗana shekararsa 11, bashi da aiki sai haɗa Lego (ƴan bulon roba na wasan yara) da tsinken ashana da kwalaye, ɗakinsa kullum kaca-kaca, babansa yace shirme ne ya tattara ya zubar. Ni kuma ina ganin kamar baiwa ce. Ya zanyi? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya ki gaida mana maigida, kice muna roƙon arziki kar a zubar. Maganar kaca-kaca kam yana da gaskiya, a samo wa yaro akwati da faranti ko wani allo da zai riƙa aiki a kai, a kafa masa doka in ya tashi ya kwashe, wanda ya taɓa taka bulon Lego ba takalmi da tsakar dare ya san dalilin faɗan baban. Amma shirme? A'a.

Shi kansa Legon wani kafinta ne ya kafa shi, Ole Kirk Christiansen, a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasan katako ya fara, sunan ma daga kalmomi biyu na yarensu aka ciro masu nufin yi wasa da kyau. Bulon da muka sani yanzu mai ƴan bututu a ƙasa a 1958 aka yi masa rijista, kuma abin burgewa bulon wancan lokacin har yau yana kama na sabon kwali tsaf. Kafin shi ma akwai Meccano, wanda wani akawu a Liverpool ta Ingila mai suna Frank Hornby yayi wa rijista a 1901, ƴan sandunan ƙarfe masu huji da noti da kusoshi, kuma don ƴaƴansa ya fara yinsa. Yanzu manya da gemunsu suke zama suna haɗa hasumiyar Eiffel ta Lego mai guntaye 10,001 wadda in an gama tana kusan mita ɗaya da rabi. A birnin Hamburg na Jamus kuwa wasu ƴan'uwa biyu, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, ƙananan birane ne da jiragen ƙasa a sikelin 1:87 har da filin jirgin sama da jirage suke tashi suna sauka, mutane daga ko'ina suke zuwa layin kallo.

Ni shawarata ki daina yawan saya masa kwali mai takardar umarni kawai. Wannan yana koyar da haƙuri da bin tsari, amma hannu yafi buɗewa ranar da aka ce masa ga tef ɗin awo, auno ɗakinka ka haɗa mana shi. Nan zai ci karo da raba lamba da kansa ba tare da an ce masa darasin lissafi bane. In ya gama a kai wa baban ya nemo inda gadonsa yake a ciki, sai ki bani labari.

TAMBAYA: Na haɗa gada da ƴan sandunan katako tsawonta santimita 50, na ɗora mata bulo biyu bata karye ba. Yanzu ina so in yi babbarta ta mita 10 da katako a kan wani rafi, in ninka komai yadda yake. Zata yi ko? Daga wani matashi.

AMSA: Tsaya tsaya ɗan'uwa, ajiye zarton tukuna. Wannan tambayar ita tafi tayar min da hankali a duk saƙonnin, domin nan ne ƙaramin samfuri yake yiwa mutum ƙarya ido da ido. Daga santimita 50 zuwa mita 10 ninki 20 kenan. Ƙarfin katako yana bin faɗin bakinsa ne inda aka yanka, wato 20 sau 20, ya ƙaru sau 400. Amma nauyinsa yana bin tsawo da faɗi da kauri ne gaba ɗaya, 20 sau 20 sau 20, sau 8,000 kenan. Ka gani? Nauyi ya tsere wa ƙarfi nesa ba kusa ba, kowane guntun katako yanzu wahalar da yake sha daga nauyin kansa ta ninka sau 20 tun kafin mutum ɗaya ya taka. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta wannan tun 1638, kuma shine dalilin da yasa tururuwa take yawo da ƙafafu kamar zare amma giwa sai da ginshiƙai. Ga kuma mahaɗa, a ƙaramar gam ne ya riƙe ko'ina, a babbar kuwa kusoshi da noti ne zasu sha nauyin a wuri ɗaya, ga ruwa da ruɓewa da ƙasar bakin rafi da take zaizayewa.

Ba wai samfurinka bashi da amfani bane. Ya koya maka abu babba, na ga ka cika ta da siffa mai kusurwa uku, kuma shine sirrinta, mai kusurwa huɗu in ka tura ta sai ta karkace amma mai uku bata motsi sai dai wani gefe ya karye. Manyan masu zane ma da samfuri suke tunani, Antoni Gaudí na Barcelona igiyoyi ya rataya da ƴan buhunan nauyi suka lanƙwasa da kansu, ya ɗauki hoto ya juya shi sama ta koma ƙasa ya samu siffar bakan ginin cocin Colònia Güell. Amma siffa ya ɗauka daga nan, kaurin dutse lissafi ne daban. Duk abinda ɗan Adam zai hau ko ya kwana a ƙarƙashinsa ka kai wa injiniya, ka tafi da ƴar gadar taka ma ka nuna masa, zai fi saurin gane abinda kake nufi.

TAMBAYA: Ɗaki ɗaya gareni ƙarami, nan nake kwana nan nake karatu nan nake karɓar baƙi, duk yadda na juya kaya baya min. Akwai dabara? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Akwai, kuma ki daina jan wadrob kina karya bayanki. Ki zana ɗakin a takarda a 1:20, ki yanko kayan da kwali, gado mita 2 da 1.5 zai zama santimita 10 da 7.5, sai kiyi ta juya su da yatsa. Ki zana inda ƙofa take sharewa in an buɗe, da ƙofar wadrob, ki bar hanyar wucewa aƙalla santimita 60 na gaske. In kin ɗaga bangon da kwali ki haska tocila ta tagar kiga inda haske yake faɗawa kafin ki zaɓi wajen teburin karatu.

Sannan ki kalli sama, yawancinmu ƙasa muke cikawa mu bar bango tsirara. Kanta har kusa da silin, gado mai durowa a ƙasa, teburin da yake naɗewa jikin bango. Akwai gadon da ake ɗagawa ya shige bango da rana, sunan William Murphy na Amurka yake ɗauke dashi tun farkon ƙarni na 20, sai dai wannan ki tabbata an kafe shi da kyau don yana da nauyi. A birnin Utrecht na Holan akwai gidan da Gerrit Rietveld ya zana a 1924, saman benen bangonsa turawa ake, da rana fili ɗaya da dare ɗakuna. Wani mai zane a Hong Kong, Gary Chang, gidansa murabba'in mita 32 ne kacal amma da bangaye masu gudu a kan layin ƙarfe yana juya shi siffa 24. Ba nace kiyi irin nasa ba, labule mai kauri ko kantar littattafai a tsaye ma tana raba ɗaki biyu, kawai kar ki toshe tsakanin taga da ƙofa don nan iska take bi.

TAMBAYA: Ina da tunanin wata kujera mai naɗewa da ban taɓa gani ba, ina jin kunyar nunawa kar a min dariya. Daga wani kafinta.

AMSA: Maigida haɗa ta da kwali da kusoshi a daren yau, ƙarama a 1:5, ka naɗe ka buɗe kaga inda take cijewa. James Dyson, wani mai ƙirƙira ɗan Ingila, sai da yayi gwaji 5,127 kafin injin share ƙurarsa ya tsaya, na farkon ma da kwali ya haɗa shi. Kuma ka ƙirga guntayenta, kujerar kamfanin Thonet mai lamba 14 ta 1859 katako shida ce da ƴan kusoshi, ana cusa kujeru 36 da ba a haɗa ba a akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe, shi yasa ta zaga duniya. In taka ta haura guntaye ashirin zauna ka rage. Ka sa yatsanka a duk inda ƙarfe ko katako biyu suke haɗuwa kamar almakashi, in ya matse ka a ƙaramar to a babbar yatsan yaro zai cire. Ka turo min hoto tana buɗe da tana naɗe, da rula a gefe.