Ga 'yar uwar da za ta yi taron suna a ɗakinta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki. Na karanta na ajiye wayar, na sake ɗauka na karanta, amma na kasa rubuta komai sai yanzu, don ta fama min tsohon ciwo. Kin ce cikinki ya shiga wata tara, haihuwa ta biyu ce, ta fari wankan gida kika je, su Mama suka ɗauke komai, ke dai sai gani kika yi ana shigo miki da kwanuka. Wannan karon a ɗakinki za a yi suna, gidan haya, ciki biyu da falo, abin da maigida ya ware ba shi da yawa, kina tambaya shinkafa kwano nawa za ta isa, kuma ta ina za ki fara. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki mai albarka. Haka nawa ya kasance sak, shi ya sa nake jin ki har cikin raina.

Zan gaya miki maganar shinkafar, amma ki yi haƙuri ki fara jin abin da ya same ni, don ni ba shinkafa ce ta gaza min ba.

Nawa sunan ya faɗo a watan Fabrairun 2023, tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Ba sai na tuna wa kowa yadda aka sha ba. Tsofaffin dubu da ɗari biyar ana gudun su, sababbin ba a ganin su, mai POS kuma sai abin da ya yanka maka. Maigida ya yi kwana biyu yana sammakon layin banki, saboda mai rago ya ce shi tsaba yake so a hannu. Ƙanwata ta je kasuwar 'Yankaba ta nan Kano sayen kayan miya, ta tura kuɗi, suka fita daga wajenta ba su shiga wajen mai tumatir ba, ta tsaya a rana har azahar. Duk da haka Allah Ya rufa asiri muka haɗa abin da muka haɗa. Shinkafar dafa-duka kwano goma sha biyu, ta waina kwano huɗu, kaji ashirin, zoɓo manyan bokitai biyu, ga ruwan leda. Mutum ɗari da hamsin na ƙiyasta har da yara. Wallahi abincin nan ya isa, a lissafi ma har saura zai yi.

Ana gobe suna facalata ta zo, matar wan maigida. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, ban taɓa ɗaga ido na kalle ta da raini ba. Ta same ni a kwance, ta ce ke mai jego ina ke ina hidima, kawo mukullin sito ki huta, ni zan tsaya a kan komai. Raina bai kwanta ba, don ƙanwar mahaifiyata na yi niyyar ba wa, amma kunya ta ɗaure min baki. Na zaro mukullin daga ƙarƙashin filo na miƙa mata da hannuna.

Da safe komai ya tafi daidai. Aka raɗa suna, maza suka ci waina da miyar taushe a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, aka watse. Daga azahar mata suka fara cika gida, ni ina ɗaki an sa ni a gaba ana ta barka, ina jin ƙarar faranti a tsakar gida, hankalina kwance. Bayan la'asar sai ga motar 'yan uwan Hajiya, uwar maigida, daga Gaya. Su goma sha huɗu, yawanci tsofaffi. Tun safe suka so tasowa, rashin kuɗin hannu ya riƙe su a tasha, ko karyawar kirki ba su yi ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a falo, aka kawo ruwa. Ina jira in ga an shigo da abinci, shiru. Sai ƙanwata ta leƙo, ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, Yaya, babu komai a tukunya fa.

'Yar uwa, da ɗinki a jikina na miƙe. Ban san lokacin da na isa bayan gida inda aka kafa murhu ba. Manyan tukwane biyu an kifa su a jikin bango, ta ukun na buɗe, ƙanzo ne kawai ya manne a gindi, da ludayi a ciki. Robar da aka tara soyayyun kaji babu ko fiffike, sai mai da ya daskare a ƙasanta. Na juyo ke nan na ga wani yaro ya fito daga sito da babbar kula a ka, an rufe ta da tsohon zanena, ya nufi adaidaita sahun da ke jira a ƙofar gida. Na leƙa motar, akwai wasu biyu a ciki. Na ce Yaya, waɗannan fa? Ko kallona ba ta yi ba, tana ɗaura ɗankwali ta ce na mutanen unguwarsu ne da ba su samu zuwa ba, ai su ma sun yi mana kara lokacin bikinmu. Ta shiga motar suka tafi. Ina tsaye, ƙafata tana rawa, nono yana zuba a gaban sabuwar atamfata, na kasa cewa uffan.

Taliya aka dafa wa tsofaffin nan da gaggawa, da manja da yaji. Mutanen da suka taso daga wani gari, ranar sunan jikansu. Ba zan manta da babbar yayar Hajiya ba, tsohuwa mai lalle har gwiwar hannu, tana tattara taliyar nan da yatsu tana kai wa baki a hankali. Ta ɗago ta ga hawaye a fuskata, ta ce ba komai 'yar nan, mu jariri muka zo gani, kuma mun gan shi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ci min rai, ba a ce ita ta yi ba. Labarin da ya zaga dangi shi ne matar wane marowaciya ce, ta tara mutane ta bar su da yunwa. Hajiya ta yi watanni tana amsa gaisuwata da ƙyar. Maigida ya san gaskiya, amma ya ce in bar maganar saboda zumunci, kada a shiga tsakaninsa da ɗan uwansa. Na bari. Ita kuwa har yau ba ta buɗi baki ta ce min yi haƙuri ba. Muna haɗuwa a biki, muna gaisawa, ina ce mata Yaya, amma duk sanda na ga an ɗauko kula a taro sai gabana ya faɗi. Na ce na yafe, ina kuma roƙon Allah Ya sa har zuci ne.

To ki ji ni da kyau. Tun yanzu, kafin naƙuda ta zo, ki zaɓi mutum ɗaya taki, wadda take tsoron Allah kuma ba ta jin kunyar ce wa babba a'a. Ƙanwar mahaifiya ko gwaggo ta fi, don ƙanwarki yarinya ce, za a yi mata tsawa ta saki. Ki ba ta mukulli a gaban maigida, ya zama kowa ya san da bakinsa aka ba ta. Duk wadda ta zo neman mukulli daga baya, ki ce ai maigida ya riga ya ba Gwaggo, shi ke nan kin fita. Kuma da an sauke tukunyar farko, kafin a zuba wa kowa, a cika kula ɗaya babba da shinkafa da nama a kai ƙuryar ɗakinki a rufe. Ta 'yan nesa ce da masu zuwa bayan magariba. Kullum akwai su. A ware na uwar miji da nata baƙin daban, da sunanta, a miƙa mata a hannu.

Maganar awo kuwa, a nawa hannun, kwanon awo ɗaya na nan Kano yana ba ni faranti goma sha biyar zuwa ashirin na dafa-duka, gwargwadon hannun mai zubawa. Ki zauna da takarda ki rubuta danginki, dangin miji, ƙawaye, maƙwabta, 'yan Islamiyyarku. Abin da ya fito, ki ƙara rabinsa a kai, don babu macen da take zuwa suna ita kaɗai, da mai goyo da mai jan biyu. Kada ki bari a zuba a manyan tire a ajiye, nan abinci yake salwanta. A zuba a ƙananan robobi masu murfi, naman kowa a ciki, a miƙa hannu da hannu. Yara a tara su wuri ɗaya a ba su nasu a faranti. Kuma kada ki sa ragon suna a lissafin abincin taro, shi sai an soya a nitse, akwai rabon dangi, akwai naki na jego.

Abinci kala biyu ya isa. Ni da na sani da ko kajin nan ban saya ashirin ba. Wainar safe ki ba mai waina ta unguwa ta soya miki, ki kai mata shinkafa da mai da kuɗin aiki, don tsayuwa a gaban tanda tun asuba yana cinye mutum biyu cikin masu taimakonki. Zoɓo ya fi kunun aya rufin asiri, kunun aya in babu sanyi kafin yamma ya juya, ga shi wuta ba abin dogaro ba ce. Ki sa a sayo ƙanƙara da safe a zuba a cikin kula. Duk abin da ba ya lalacewa, shinkafa, mai, magi, robobi, leda, ki aika kasuwar sari, irin Singa ta nan Kano, a sayo tun yanzu a kulle. Kayan miya ne kawai za su jira ana jibi suna. In za ki ɗauki mai girki, rabin kuɗi za ki ba ta, sauran sai ta sauke tukunya.

Na san ba ki tambayi wannan ba, amma don Allah kada ki ci bashi saboda suna, kada kuma ki ɗauki adashin da kika san zubinsa zai shaƙe ki. Ki bar maganar anko gaba ɗaya. Abin da addini ya ce a yi ranar bakwai, yanka ne da aski da sa wa yaro suna mai kyau, yinin mata al'adarmu ce, mai daɗi ce kuma, ina son ta, amma daidai ruwa daidai tsaki. Na san wadda ta sayar da ɗankunnen gwal na aurenta don ta kama rumfa da mai hoto, wata biyu bayan nan yaron ya kwanta zazzaɓi tana neman kuɗin magani a wajen mutanen da ta ciyar. Na yi kuka ranar da ta gaya min.

Tunda gidan haya ne, ki shiga wajen maƙwabtanki da kanki tun yanzu ki gaya musu, ki roƙi aron tsakar gida da tabarmi. In kin girmama su, su ne za su fi kowa tsaya miki, ni maƙwabciyata ce ta hura wutar taliyar nan tana share min hawaye. Ki yi magana da ɗan garuwa ya kawo kura biyu da sassafe, don banɗaki ɗaya da mata ɗari, in ruwa ya yanke abin ba ya faɗuwa. A sa yarinya ɗaya tana duba shi tana cika butoci. Murhu a kafa shi nesa da inda yara ke guje-guje, mai mai zafi ba ya jiran kowa. In za a tayar da janareta, a kai shi can waje, nesa da tagar ɗakin da jariri yake, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. Ɗaki ɗaya kuma a kulle shi, a zuba wayoyi da jakunkuna da kayan barka a ciki. Taron suna kowa shigowa yake, ba ki san kowa ba.

Sai ke kanki. Kwana bakwai da haihuwa jiki ɗanye ne. Ni tashin da na yi ranar nan da kukan da na sha, kwana uku na yi ban iya miƙewa sosai ba. Ki ci abincinki tun da wuri, a ajiye miki kununki a filas kusa da ke, don mai jego ce ake mantawa da ita ranar suna. Jariri kada a yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu, ki ba mutum ɗaya ta riƙe shi, mai mura ta gan shi daga nesa, turaren wuta kuma a rage a ɗakin. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko idonki yana gani dishi-dishi, ko jini ya ƙaru, ki bar taron nan a inda yake a kai ki asibiti, kada ki ce sai baƙi sun tafi.

Ba ki faɗi garin da kike ba. In a Kano kike, ina da manyan kuloli uku da babbar tukunya, bayan abin nan na saye su da kuɗin adashina don kada in sake aron na kowa. Ki yi min magana ta gefe in aiko miki da su ana jibi suna, in kuma ba ki da wadda za ta riƙe miki mukulli, ki faɗa min, zan zo in zauna a bakin siton da kaina.