Bushin sifirin bayan Hilux: na kanti za a sa ko na tsohuwar taya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2010 wadda nake ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye, wani lokaci har da iyalina a ciki. Kwanan nan bayanta yana ƙwanƙwasa idan na shiga gargada, kuma idan na taka birki da lodi sai in ji gindin motar yana zillewa gefe guda. Makanikena ya ce bushin shakul ne suka mutu, wato robobin da ke cikin ƙarfen da ke rataye wutsiyar sifirin a jikin shasi, ya kuma ba da shawara a yanko na tsohuwar taya domin sun fi na kanti ƙarko. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa nake neman bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma ina roƙonka ka dakatar da ɗaukar lodi har a gama wannan gyara. Ƙwanƙwasar ta yi kama da ta bushin shakul, amma zillewa a lokacin birki ta fi nuni ga bushin idon sifirin na gaba (naɗaɗɗen ƙarshensa da ke ɗaure da shasi), ko notikan ƙarfen da ya rungume sifirin da aksil sun kwance, ko kuma ƙusar tsakiyar sifirin ta karye. A duba waɗannan duka, tare da birkin baya, kafin a sayi komai.

Maganar bushin taya kuwa, kusan kullum sai na ji ta a gareji, kuma tana damuna ƙwarai. Tushenta shi ne zaton da ake yi cewa aikin bushin bai wuce hana ƙara ba, saboda haka kowace irin roba aka cusa ta wadatar. A motar da ke da sifirin mai falle-falle, sifirin ɗin ne ke riƙe aksil a mazauninsa. Ƙarfin da ke tura mota gaba da ƙarfin da ke tsayar da ita duk ta idon sifirin na gaba suke bi su shiga shasi, shakul kuma yana lilo ne domin sifirin yana ƙara tsawo duk lokacin da lodi ya miƙe shi. Idan ramin bushin ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, ko taurin na dama ya bambanta da na hagu, aksil na iya karkacewa, tayoyin baya su riƙa yi wa mota nasu tuƙin ba da sanin direba ba.

Robar da aka yanka da wuƙa aka huda da ƙarfe ba za ta taɓa fitowa daidai da awon fin ba, wato sandar ƙarfen da ke ratsa cikin bushin, kuma ba ta da leɓen da ke raba idon sifirin da farantin shakul. Cikinta akwai zaren taya, wani lokaci har da waya, waɗanda ke goge fin kamar zarto. Ƙarkon da ake yabo gaskiya ne ta fuska ɗaya: robar ba ta saurin marmashewa, domin ta mayar da cin a kan ƙarfe. Na sha zare fin da ya sirance a tsakiya alhali bushin tayar da ke kansa yana nan garau, mai motar kuma yana yaba wa wanda ya sa masa. Ranar da irin wannan fin ya karye a kan gudu da buhuna a baya, wutsiyar sifirin za ta doki shasi, motar ta rusuna gefe guda nan take. Wanda ya yanka robar ba ya cikin motar a ranar, iyalinka ne ke ciki, kuma bambancin kuɗin bai kai farashin taya ɗaya da karkataccen aksil zai cinye ba.

A wannan ƙirar kowane shakul yana ɗaukar bushin huɗu, biyu sama biyu ƙasa, sai a sayi takwas a canja ɓangarorin biyu rana ɗaya. A ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak ko tarin bulo ba, sannan a sa jak a ƙarƙashin aksil a riƙa ɗagawa ko saukewa har fin ya saki. Idan tsatsa ta kama shi, a jiƙa shi da man sassauta tsatsa a yi haƙuri; kada a bari mai walda ya kai wuta jikin sifirin, domin zafi yana kashe ƙarfinsa, ga kuma tankin mai a kusa. Fin da ya yi zobe ko ya sirance a canja shi, a kuma kankare cikin idon sifirin tas. Bushin roba da ruwan sabulu ake zura shi, saboda giris da baƙin mai suna kumbura roba su ruɓar da ita.

Kada a ƙarasa ɗaure notikan shakul taya tana reto. A kama su sama-sama, a sauke motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa mai baje, a girgiza bayanta, sannan a ɗaure gwargwadon awon da littafin Toyota ya bayar, ba da bututu a kan sifana ba. Idan aka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe tun kafin motar ta motsa, ta yage da wuri, a koma ana zargin bushin kanti. Bayan mako guda da fara lodi, ka mayar da motar a sake gwada notikan.