Tambaya da Amsa: Bindiga mai ruwa ce ta karya rundunar Ansar a Omdurman?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a yaƙin Omdurman na ƙasar Sudan mayaƙan Ansar sun ninka na Turawa yawa, amma kafin azahar an gama da su. Wasu suna cewa bindiga mai ruwa ce ta yi aikin. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma da sauran magana. Ranar 2 ga Satumba, 1898, a filin Karari da ke arewa da Omdurman, Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, ya fito da mabiyansa Ansar kimanin 50,000. Janar Kitchener kuwa yana da sojojin Ingila da na Masar da na Sudan wajen 25,000. Da aka tashi, Ansar sun rasa fiye da mutum 10,000, ɓangaren Kitchener bai kai 50 ba.

Bindiga mai ruwa, wadda Hiram Maxim ya ƙera a 1884, takan fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Ƙarfin harbin ne yake tunkuɗo harsashi na gaba, ruwan da ke kewaye da bututunta kuma yana hana ta yin zafi. Ga igwa, ga bindigogin Lee-Metford masu dogon zango. Ansar suna tafe sahu-sahu da tutoci da kabbara, cikin jibbarsu mai faci, akasarinsu da mashi da takobi, ana kakkaɓe su tun ba su iso inda mashi zai yi amfani ba. Masu bindiga a cikinsu ma tsofaffin Remington na ganima ne a hannunsu, harsashin kuma ba mai kyau ba. Ba ƙarancin jarumta ya kayar da su ba. Abokan gabarsu da kansu sun shaida haka.

To, amma a tuna da 1883. Hicks Pasha, Baturen Ingila da ke jagorantar sojojin Masar, ya shiga Kordofan da igwa da bindigogin zamani, ƙishirwa da gajiya suka galabaitar da rundunarsa, Mahadi ya murƙushe ta a Shaikan. A 1885 dakarun da aka tura ceton Janar Gordon, Baturen Ingila da Mahadi ya yi wa ƙawanya a Khartoum, sun sha fama da raƙuma da kwalekwale, suka isa Khartoum kwana biyu bayan an kashe shi. Makami na ci kamar ciki. In ba a kawo masa harsashi ba, ba a kawo wa mai riƙe da shi ruwa da abinci ba, ƙarfe ne kawai.

Shi ya sa ni a ganina layin dogo ne ya ci wannan yaƙi. Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamed kogin Nilu ya yi wani dogon kwana mai cike da duwatsu. Maimakon a bi shi, sai aka ratsa hamadar Nubiya kai tsaye, tazarar kilomita kusan 370. An fara shimfiɗa dogon a Janairun 1897, ya isa Abu Hamed a ƙarshen Oktoba. Kowane jirgi sai ya ja ruwan da injinsa zai sha da na ma'aikata, har Allah Ya sa aka haƙa rijiyoyi biyu a hanya aka dace. Tafiyar makonni ta koma ta kwana guda. A kan wannan dogo aka ɗauko wasu jiragen ruwa na yaƙi gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa su a bakin kogi. Su da sauran jiragen yaƙi ne suka raka rundunar har Omdurman, da dare kuma fitilunsu suna haska filin Karari.

Wannan hasken yana da muhimmanci, domin da Halifa ya kai farmaki cikin duhu, da dogon zangon bindigogin bai yi tasiri haka ba. Ya zaɓi safiya, a fili fetal. Duk da haka sai da mayaƙansa suka kusa danne bataliyoyin MacDonald, ɗaya daga cikin kwamandojin Kitchener, waɗanda yawancinsu ma 'yan Sudan ne.

Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin faɗi: an kashe wasu daga cikin masu rauni a filin, aka rushe ƙubbar Mahadi, aka zubar da ƙasusuwansa a Nilu. Halifa ya tsere, aka kashe shi a Umm Diwaikarat cikin Nuwamban 1899.

Injiniyan da ya jagoranci aikin dogon nan, Percy Girouard ɗan Kanada, shi ne ya gaji Lugga a Arewacin Najeriya a 1907, kuma a zamaninsa aka fara dogon Baro zuwa Kano.