Muryar Gwaggo daga Kassala kan waƙar Umdurman

Salamu alaikum 'yan gida. Wannan amsa ce ga ɗan ƙanina da ya rubuto daga Jidda, wai abokan aikinsa suna ta hirar mawaƙan Umdurman shi kuma ya yi tsit don bai ga namu a ciki ba. Ɗana, ni na ji abin da ke ƙasan maganar, ba waƙa ce ta dame ka ba, sunan Fallata, wanda ake kiran mu Hausawa da Fulanin Sudan da shi, ne yake maka nauyi in an faɗa a gaban mutane. To ka saurara da kyau.

Umdurman dai nan ne gidan waƙar ƙasar nan tun zamanin tsohon salon waƙar da ake kira haƙiba, su Khalil Farah da Sarur da Karoma, lokacin ba tarin kayan kiɗa, ɗan bandiri ne mai kacau-kacau da 'yan amshi sai murya. Da aka buɗe gidan rediyo a 1940 kowa ya nufo garin. Wardi daga arewa ya zo, wajen Halfa, Banube ne. Kabli a Port Sudan aka haife shi. Hawa Tagtaga 'yar Kordofan ce. To wa zai ce wa wani baƙo a waƙar Umdurman?

Amma ni wadda nake so ka riƙe ita ce Aisha Falatiya. Nan Kassala aka haife ta, nan garin da nake zaune nake maka magana, iyayenta mutanen Sakkwato ne da suka biyo hanyar hajji suka zauna kamar kakanninmu, uwar Bahaushiya uban Bafulatani, malami ne mai makarantar allo a Umdurman kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Ta fara waƙa a gidajen biki tana yarinya, uban bai so ba, ya aurar da ita don ta daina, auren ya mutu ita ba ta daina ba. Kamfanin faifai na Masar ya kai ta Alƙahira ta yi faifai, aka riƙa sa su a wuraren shan gahawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta je ta yi wa sojojin Sudan waƙa a bakin daga. Sai 1942 ta shiga rediyon Umdurman, ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon Sudan, ƙanwarta Jidawiya na kaɗa mata udu, garayar Larabawa. Wasu mawaƙa maza suka yi yaji, suka ce ba za su taka gidan da mace ta yi waƙa ba. Ka ji fa! Waƙoƙi sama da 150 ta bari kafin ta rasu a 1974, Allah ya jiƙanta. Su Balabil, 'yan'uwan nan mata uku mawaƙa, da duk macen da ta zo daga baya, ita ta share musu hanya.

Za su ce maka ai da Larabci take yi. To mu da wane yare muke ciniki a kasuwa? Bar wannan ma.

Abin da ya fi ci mini rai namu ne wallahi, ba na waje ba. Wani biki da aka yi a Gadarif, muna zaune mata zalla ana ƙunshi, na sa kaset ɗinta, wani dattijo cikin dangin ango ya shigo har tsakar gida ya zare kaset ɗin, wai wannan ai ita ce ta kunyata ubanta malami, ba za a ji ta a gidansu ba. A gaban surukai ya yi mini haka, na haɗiye don amarya 'yata ce. Kuma mutumin nan a motarsa muka koma, tun daga ƙofar gida har tasha Wardi yake ji yana kaɗa kai. Wato namiji in ya yi waƙa fasaha ce, 'yarmu ta yi ta zama abin kunya. Kaset ɗin ma bai dawo mini da shi ba har yau, na aika an ce ya ɓata, ya ɓata ina? Can waje ana ƙyamarta don Bafallatiya ce, nan gida ana ƙyamarta don mace ce, ina ake so ta sa kanta?

Yanzu kuma ga yaƙin nan da ya ɓarke a Afrilun 2023, ginin rediyon da tsofaffin muryoyin nan suke ajiye ya zama wurin faɗa, sai Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. Shi ya sa nake roƙonku, ku na Maiwurno da Madani da ku na Makka, duk mai tsohon kaset ɗinta a akwatin uwarsa ya ɗauka da waya ya turo nan. Kai kuma ɗana gobe in sun taso da hirar, ka tambaye su wace ce macen farko a rediyon Umdurman, ka bari su faɗi sunan da bakinsu. A gaida Yaya da jiki.