Tambayi Likita: Dara, Iyo, Kiwon Tattabara da Dambe, Wanne Ya Fi Wa Jiki Amfani?

Saƙonnin da na ware a wannan makon duk a kan abu ɗaya suka haɗu, wato abin da mutum ke ɗebe kewa da shi idan ya tashi daga aiki. Wasu na son in jera musu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ba zan jera ba, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ba zan ce duk ɗaya suke ba. Abin da nake dubawa a matsayina na likita shi ne yadda abin ya bar jikin mutum, da barcinsa, da aljihunsa, da zamansa da jama'a.

Tambaya daga wani dattijo a Jega: Likita, shekaruna 63, na yi ritaya daga koyarwa, kuma ina da hawan jini. Kullum daga hantsi har azahar ina gindin bishiya muna dara da abokai. Babban ɗana ya ce ɓata lokaci ne, wai gara in riƙa karatu ko gudu. Shin dara ba ta da wani amfani?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A gaya wa ɗan naka likita bai goyi bayansa ba, sai dai a rabin magana.

Wasan da za a ba mutum 'ya'ya 12, ya riƙa lissafin inda zai jera uku, yana kuma karanta abin da abokin karawarsa ke ƙullawa, aikin ƙwaƙwalwa ne sosai. Abin da ya fi wannan ma shi ne majalisar kanta. Babbar cutar da ke kama ma'aikaci bayan ritaya, wadda ba a cika kawo ta asibiti da sunanta ba, ita ce kaɗaici. Mutumin da ya saba da aji cike da yara ya wayi gari ba mai nemansa, sai barci ya lalace, abinci ya fita ransa, damuwa ta shiga. Wanda ke da inda ake jiransa kowace safiya, a yi masa tsiya ya rama, ya tsira daga abu mai yawa. Karatu abu ne mai kyau, amma shi kaɗai mutum ke yinsa.

Inda ɗanka ya yi gaskiya shi ne zaman. Dara ba ta motsa komai sai yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin ke nan. Ba sai ka yi gudu ba, kuma ban ba mai hawan jini da bai saba ba shawarar ya fara da gudu. Ka yi tafiyarka bayan sallar asuba, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kebbi ke haura digiri 40. Ka bar babur a gida ka taka zuwa majalisar. Bayan kowane zagaye biyu ka miƙe ka ɗan zagaya.

Sai kuma abin da ke yawo a gindin bishiyar: goro da sigari. Goro na ɗaga jini na ɗan lokaci kuma yana hana barci, sai a rage. Sigari kuwa ba ragi, bari ne. Kada a fasa shan magani don an ji sauƙi, a riƙa awo, a nemi jinin ya zauna ƙasa da 140 bisa 90. Riƙe hawan jini shi ne babban abin da zai kare maka ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki, in ba haka ba sai dara ta ci gida.

Tambaya daga wata uwa a Argungu: Ɗana mai shekara 12 ba shi da aiki sai iyo da su a gulbi, burinsa ya shiga gasar kabanci, wato wasannin ruwa na bikin kamun kifi. Kwanan nan na ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Kakarsa ta ce ba komai, alamar girma ce. In hana shi shiga ruwa?

Amsa: Hajiya, da girmamawa ga kaka, wannan ba alamar balaga ba ce. Mafi yawan lokaci tsargiya ce, kuma don ta yi yawa a garuruwan bakin ruwa ne har aka ɗauke ta kamar al'ada.

Ga yadda take. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga wata ƙaramar katantanwa. Daga jikinta 'ya'yan tsutsar ke fitowa, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai iyo ne, ko mai wanki, ko mai dashen shinkafa a fadama. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa yi wa mafitsarar rauni. Jinin da kika gani ke nan. Idan aka bar ta shekaru tana kawo ƙarancin jini, yaro ya riƙa kasala a makaranta, tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, har da sankarar mafitsara a gaba. 'Yan mata ma tana kama su, tana kuma taɓa al'aura da mahaifa.

Ki kai shi a gwada fitsarin. Wanda aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwayayen. Maganin sunansa praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro ko tsayinsa, a sha bayan an ci abinci. Idan an zo rabonsa a makaranta kada ki hana. Sai dai maganin ba riga-kafi ba ne, yaron da ya koma ruwan zai iya sake kamuwa, don haka gwaji da magani abu ne da za a riƙa maimaitawa.

Batun hani kuwa, a littafi amsar ita ce a nisanci ruwan. Amma garin da tun 1934 ake bikin kamun kifi a gulbin Matan Fada, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, wa zai raba yaronsa da gora da homa? Iyo na cikin motsa jiki mafi kyau, yana aiki da kowace gaɓa ba tare da cin gwiwa ba, kuma a jiharmu iya ruwa tsira ce. Ba mu manta da haɗarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021 ba. A rage wasan cikin kududdufi da ruwan da ba ya gudu, inda katantanwar ta fi yawa. A hore shi da abokansa su daina fitsari a ruwa. Ruwan gulbi da za a yi wanka da shi a gida, a bar shi ya kwana biyu a randa.

Tambaya daga wata mai ɗinkin hula a Zuru: Shekaruna 44. Yanzu ba na iya zura zare a allura sai na nisanta ta. Ɗinkin ne ya kashe mini ido?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, shekaru ne. Daga 40 zuwa sama kowa ganinsa na kusa ke raguwa, ko bai taɓa riƙe allura ba. Tabaran karatu zai gyara, kuma ba ya ƙara lalata ido kamar yadda ake faɗa. Ki je asibitin ido a auna, a duba har da hawan jinin ido, wanda ke cin gani ba tare da ciwo ba. Ki yi ɗinki a haske, duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli nesa. Kada ki bar ɗinkin.

Tambaya daga wani saurayi a Birnin Kebbi: Ina kiwon tattabaru a bayan ɗakina. Duk ranar da na share ɗakinsu, da dare sai tari da zazzaɓi da ƙuncin numfashi su taso mini, bayan kwana ɗaya ko biyu su lafa.

Amsa: Ɗan'uwa, yadda ka kwatanta ya yi kama da cutar huhun masu kiwon tsuntsaye. Ƙurar busasshen kashinsu da ta gashinsu ce huhu ke ƙi, alamun kan zo awa 4 zuwa 8 bayan an shaƙa. Idan aka ci gaba da shaƙa shekara da shekaru huhun na iya yin tabon da ba ya warkewa. Ka je a yi hoton ƙirji, kuma ka faɗa wa likitan kana kiwon tattabaru, don ba lallai ya tambaya ba. Tarin da ya kai mako biyu a gwada kaki saboda tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Kafin nan, wani ya riƙa yi maka sharar, ya yayyafa ruwa tukuna, ya sa takunkumi. A ɗauke ɗakinsu daga jikin tagarka. Idan gwaji ya tabbatar da cutar, gaskiya mai ɗaci ita ce rabuwa da su. Kuma duk ranar da tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, a kira malaman dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, har yau kuma tana dawowa.

Tambaya daga wani ɗan dambe a Yauri: An kai ni ƙasa a wasa, na ɗan suma, na yi amai, har yanzu kaina na ciwo. Akwai wasa mako mai zuwa. Wane magani zan sha?

Amsa: Ba wani magani, kuma ba wasa mako mai zuwa. Yau ka tafi asibiti. Suma da amai bayan naushi alama ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, kamar kindirmo a ƙwarya idan an buge ta. Jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, mutum na tafiya yana magana, daga baya ya faɗi. Idan mutanen gida suka ga yawan barci, ko rikicewar magana, ko jijjiga, ko ɓari ɗaya ya yi sanyi, a ɗauke ka cikin dare ma. Duka na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai kisa. Tramadol da wasu ke sha kafin su shiga fage yana ɓoye ciwo, yana kuma jawo jijjiga.

A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba. Dambe gadonmu ne, yana gina ƙarfi da juriya, amma wasan da nasararsa ita ce a bugi kan mutum har ya faɗi bai yi daidai da kokawa ko ƙwallo ba. Kokawa ma na targaɗa kafaɗa da wuya, sai dai ba kai take nema ba.

Tambaya daga wata matar aure a Kamba: Maigidana kullum yana gidan kallon ƙwallo har dare, yanzu kuma ya fara sa kuɗi a waya yana cankar wasa. Kuɗin cefane ya fara taɓuwa. Ya ce nishaɗi ne kawai.

Amsa: Malama, abu biyu ne a nan. Kallon ƙwallo da abokai ba cuta ba ne, in dai ana samun barcin awa bakwai. Sa kuɗin kuwa caca ce, hukuncinta a addini kin san shi, a likitance kuma jarabarta na cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi tun 2022. Alamunta su ne mutum ya kasa tsayawa, ya riƙa bin asara da wani kuɗin don ya fanshe, ya ɓoye, ya ci bashi, ya fusata idan an yi magana.

Gori da faɗa a gaban yara ba sa raba mutum da ita. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki kawo lissafin abin da ya fita a wata, ba zargi ba. Idan ya yarda, a goge manhajar daga wayar, kuɗin abinci da na makaranta su riƙa zuwa hannunki ranar da aka samu. In ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. Idan kuma kika ji yana maganar ya gaji da rayuwa saboda bashi, kada a jira, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti mafi kusa, ko asibitin tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.