Jan kwale-kwalen roba a ƙaramar tirela

Tambaya: Malam, ina da kayak biyu, wato ƙananan kwale-kwalen roba, da nake son kaiwa bakin kogin Isa wajen Bubon da ƙaramar tirela. Yaya zan ɗaure su kada su lalace a hanya? Daga mai karatu, unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da nauyi. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya kamata ya sauka kan ƙugiyar mota. In kaya suka rinjaya baya, tirela za ta dinga wutsil-wutsil da zarar ka ƙara gudu.

Kifa kowane kwale-kwale a kan sanduna biyu da aka naɗe da tsohon tiyub, ka ɗaure shi da ɗamara biyu masu faɗi, kowace ta zagaye sandar. Ja da hannu kawai. Ɗamara mai ƙarfen matsewa tana lotsa roba, balle a zafin watan Afrilu da robar ke yin laushi. Murɗa ɗamarar sau ɗaya don kada iska ta riƙa kaɗa ta. Bayan kilomita 10 tsaya ka taɓa su, domin sukan saki.

Abin da aka fi sakaci da shi boris ne, wato ƙarfen da ke tsakiyar tayar tirela wanda take juyawa a kansa. Ƙaramar taya ta fi ta mota saurin juyawa, boris ɗinta kan yi zafi. In ka tura ta cikin kogi a haka, sai ya tsotsi ruwa da yashi, giris ya lalace. Sauke kayan a tudu, ku ɗauka da hannu.

Kada ka manta sarƙar tsaro, fitilun baya, da jan ƙyalle a wutsiyar kwale-kwalen.