Ina son motar sifot a Legas, amma yayana ya ce makara zan saya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne, ina sayar da wayoyi a Agege. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi motar sifot. Abokaina sun rabu biyu. Wasu sun ce in nemi Dodge Challenger ko Mustang tokumbo. Wasu kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce, in sayi Camry Muscle in sa mata rim mai inci 20, a yanke sifirin ta kwanta ƙasa, a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, ta riƙa ruri, shi ke nan ta zama sifot. Da yayana ya ji, cewa ya yi makara zan saya da kuɗina. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina da mata da yaro ƙarami. Me ke sa mota ta zama sifot, kuma wacce ce ta dace da titin Legas?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ji haushin yayanka. Idan shawarar abokanka na biyu ka bi, maganarsa na kan hanya, kuma zan daɗe a kanta. Amma bari mu fara da abin da ka tambaya.

Abin da direba ke ji a jikinsa har ya ce mota sifot ce yana fitowa ne daga rashin nauyi, da zaman nauyin a ƙasa-ƙasa, da sitiyarin da ke amsawa nan take, da birkin da ba ya sanyi in an matsa masa, da giyar da ba ta jan ƙafa. Ƙarfin inji yana ciki, amma shi ne na baya. Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ƙarfin doki 116 kacal gare ta, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma har gobe masana tuƙi suna yabonta. Toyota 86 ta 2012, wadda aka sayar a Amurka da sunan Scion FR-S, doki 200 ce, nauyinta wajen kilo 1,250, tayoyin baya ke tura ta. Challenger mai inji V6, wato mai silinda shida, kuwa doki 305 ce, amma ta haura kilo 1,700. A miƙaƙƙen titi tana da daɗi da kwarjini, a kwana kuwa nauyin nan za ka ji shi a hannunka. Mustang ta fi ta sauƙin juyawa.

A Legas, ni Lexus IS 350 ta 2006 zuwa 2013 nake fara nuna wa mai iyali irinka. Ƙofa huɗu ce, tayoyin baya ke turawa, V6 ce mai doki 306, kuma injinta dangin wanda ke cikin Camry V6 da RX 350 ne, saboda haka makanikanmu ba baƙonsu ba ne, kayanta ma ana samu a kasuwar Ladipo. Ƙanwarta IS 250 ta fi araha, sai dai an san ta da tara baƙin dauɗa a bakin bawul. Infiniti G37 ma ba ta da laifi. BMW 335i mai turbo biyu tana da daɗin tuƙi ƙwarai, amma tana son fetur mai oktan sama da wanda aka saba sayarwa a gidajen manmu, tana kuma son bakaniken da ya san ta da aljihun da ba ya kuka. Ka tuna tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mota mai babban inji V8 a cunkoson Ikorodu Road hukunci ce. Ita Toyota 86 tsakaninta da ƙasa wajen santimita 13 ne, to ka auna wannan da ruwan da ke kwanciya a Lekki da Ajah a watan Yuni da Yuli, da tudun rage gudu na lungunan Agege. Injin da ya zuƙi ruwa sau ɗaya ya gama aiki. Kowace ka zaɓa, a binciki lambar bodinta mai harafi da lamba 17, domin da yawa daga motocin gwanjon Amurka hatsari suka yi ko ambaliya ta cinye su, wasu ma an ɗinke wurin jakar iska babu komai a ciki. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kusan kullum sai an kawo mini ita gareji: wai babban rim da siririyar taya su ne sifot.

Camry ɗin da ake ce maka ka saya, taya 215/60 R16 kamfani ya sa wa yawancinsu. Tsayin gefen wannan tayar wajen santimita 13 ne. In ka koma 245/35 R20, gefen ya dawo ƙasa da santimita 9. Wannan robar da ka rage ita ce ke shanye dukan rami kafin ya isa ga rim da shokazoba da ƙafar mota. A titin Jamus babu damuwa. A hanyar Oshodi zuwa Apapa, ko kan mahaɗin ƙarfen gadar Third Mainland, rami ɗaya ya isa ya matse tayar tsakanin kwalta da rim, zaren cikinta ya tsinke, ƙulli ya fito a gefe. Ƙullin nan ba ya gyaruwa, ranar fashewa kawai yake jira. Rim ɗin kansa, in irin mai arahar nan ne da ba a san wanda ya ƙera shi ba, ya fi na kamfani nauyi, sai motar ta ƙara nawa wajen tashi, shokazoba ya kasa riƙe tayar a ƙasa. Rim ɗin ya tsage, a kai wa mai walda ya like, a shafa fenti, a mayar. Ka kashe kuɗi ka sayi motar da ta fi ta da lalaci, kana murna.

Kuma da yake sabuwar taya mai rim 20 tsada gare ta, kowa tokumbo yake saya. A nan ne ran mutum yake. Duk dokin da ke cikin injin, da birkin, da ABS (na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki), ta wuri huɗu suke taɓa ƙasa, kowane bai wuce faɗin tafin hannunka ba. A gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙaramar mota a babbar hanya, kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ka ninka gudu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkuwa. Wannan duka za ka ɗora a kan robar da wani ya cire ya yar a Turai?

Shigo da tsohuwar tayar ƙaramar mota haramun ne a jerin kayan da kwastan ta hana, amma je ka ga yadda aka jibge su a bakin titi, dala-dala, rana na dukansu, ba mai cewa uffan. Ana cusa taya uku cikin ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, wayar bakinta ta lanƙwashe tun kafin ta sauka Apapa. A wanke, a shafa baƙin mai ta yi sheƙi, wani ma ya sa wuƙa mai zafi ya ƙara mata zane, ya ce maka giredi wan ce. Wallahi wanda ke wannan aikin da sani, alhakin rai yake ɗauka. Ka duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take faɗa wa direbobi, manyan kamfanonin taya kuwa sun sa shekara 10 a matsayin ƙarshen ƙarshe ko da zanen bai cinye ba. In ka ga an kankare lambar, ka san dalili. In ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, tayar hunturu ce, robarta mai laushi ce don ƙasar sanyi, zafin kwaltar Legas saurin cinye ta yake yi. Akwai kuma harafin iyakar gudu a gefen tayar: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Kada ka sa wa mota abin da bai kai wanda kamfani ya rubuta ba.

Sai masu faci. Ka tsaya a sa maka iska, yaro ya buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara, ko ya ɗura 50 da gejin da ya mutu tun bara, ya ce haka ake yi. Adadin iskar yana nan a manne jikin ƙofar direba, yawanci talatin da 'yan kai ne. Iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa. Ta yi kaɗan, tayar ta ɗau zafi ta fashe. Ka sayi gejinka, ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya.

Abin ya fi muni a motar da tayoyin baya ke turawa, wato duk motocin sifot ɗin da na lissafa maka. Tayar baya ta cinye, ruwa ya sauka, ka taka totur a kwanar gadar Ojota, bayan motar ne zai wuce gabanta, kuma direban da ya saba da Corolla bai san abin da zai yi da hannunsa ba a wannan daƙiƙar. Shi ya sa in biyu kawai za ka iya saya sababbi, baya za a sa su. Shi ya sa kuma na tsani masu kashe na'urar hana santsi don su burge 'yan kallo, da makanikan da fitilar ABS za ta kama, maimakon su gyara sensa sai su cire ƙwan fitilar. Tun daga motocin 2012 Amurka ta wajabta wannan na'ura a kan ƙananan motoci saboda rayukan da take ceta, mu kuma muna biyan kuɗi a kashe mana ita. Ranar da za ka duba mota, ka murɗa makulli ka ga fitilun ABS da na jakar iska sun kama sannan sun mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an yi mata aiki.

Yanke sifirin da cire indomi ba sai na ja ba. Na farko yana kashe shokazoba ya sa mota tsalle a kwana, na biyu ƙara da warin hayaƙi kawai zai ƙara maka, yaronka ne kuma zai shaƙa a gosulo.

In Camry ɗin kake so, ka saye ta, mota ce mai amana, ka bar ta yadda aka ƙera ta. In sifot kake so, ka nemi IS 350 mai rim ɗinta na asali, 17 ko 18, kada ka kashe duk abin da ka tara a kan sayen. Ka ware kuɗin sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya daga dila mai ba da rasit, da sabon man birki, da faden birki, da saitin ƙafa, a yi su duka kafin uwargida da yaro su shiga. Ka tafi da yayanka wajen dubawa, da bakaniken da kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.